Tambaya da Amsa: Wa Ke Tuƙa Labari a Fim Ɗin Umar Mukhtar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗalibi ne, kuma ina koyon rubuta labarin fim. A wata bita da na halarta an koya mana cewa kowane labari kashi uku ne, a ƙulla, a rikita, a warware, kuma wai dole jarumi ya sauya hali kafin fim ya ƙare. Da na koma gida sai na ɗauko fim ɗin Umar Mukhtar, malamin nan na Libiya da ya yaƙi Italiya, fim ɗin da mahaifina ba ya gajiya da kallonsa, na ce bari in gwada wannan awo a kansa. Sai abin ya ƙi. Tsohon nan yadda ya shiga haka ya fita, kuma tun kafin a kunna kowa ya san rataye shi za a yi. Abokina ya ce ai fim ɗin ba shi da zubi, tarihi ne kawai aka jera. Zuciyata ba ta yarda ba, amma na rasa hujja. Malam, a raba mana gardama.
Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa irinmu da yawa.

Ni na fara ganin fim ɗin nan a zauren wani tela maƙwabcinmu, can wajen ƙarshen shekarun 1980, a bidiyo mai kaset. Kaset biyu ne, don fim ɗin ya doshi awa uku. Mu yara a ƙasa kan tabarma, manya a benci, shi kuma telan yana kan kekensa yana ɗinki yana leƙe. Ya kalli fim ɗin ya fi sau goma, har ya haddace inda za a yi kowane harbi. Amma duk ranar da aka zo wurin da aka harbe dokin Umar ya faɗi da shi, sai ka ji keke ya tsaya cak, telan ya miƙe da almakashi a hannu yana cewa, "Tashi mana Malam, tashi!" Ya san ba zai tashi ba. Ka tambayi abokinka, in tarihi ne kawai aka jera, me ke tayar da mutumin nan tsaye a kallo na goma sha ɗaya?

Awon da aka koya muku ba ƙarya ba ne. Kuskurenka ɗaya, ka gwada rigar a jikin wanda ba don shi aka ɗinka ba.

Dubi inda darakta Mustafa Akkad ya zaɓa ya fara. Umar Mukhtar ya haura shekara saba'in a duniya. Ya yi karatu a Jagbub, an tura shi ƙasar Cadi ya karantar kuma ya yaƙi Faransawa a can, sannan ya kwashe shekara ashirin cur yana fafatawa da Italiya, tun shigowarsu Libiya a 1911. Duk wannan abin fim ne. Akkad ya share shi gaba ɗaya, ya bar wa 'yan hotunan tarihi marasa kala da ke buɗe fim ɗin su ba da shi a gurguje, ya kama labarinsa daga 1929 zuwa 1931. Kuma fitowar farko da 'yan wasa suka yi magana ba a Libiya take ba, a birnin Rum take, a ofishin Musolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin. Can ne aka kira Janar Giraziyani aka ɗora masa aiki: je ka kawo mini ƙarshen wannan tawaye, ka kamo mini malamin nan.

To, wa aka ba aiki? Wa ke da buƙata, ga shugaba a bayansa yana jiran sakamako, ga mutuncinsa a kan sikeli? Wa zai gwada dabara ta ƙi, ya sake wata ta ƙi, ya ƙara zafi? Giraziyani ne. Da yaren 'yan gidan kallo, Umar ne akta, Giraziyani ne bos, amma sitiyarin labarin a hannun bos yake. In ka ɗora kashi ukun nan naku a kansa za ka ga sun zauna daram: an ba shi aiki, ya sha kaye yana sauya salo, ya kama wanda ya fito nema. Umar kuwa dutse ne da aka ajiye a tsakiyar hanya. Ba a tambayar dutse me ya sa bai motsa ba, abin kallo shi ne abin da zai sami duk wanda ya yi karo da shi.

Tsakiyar fim ɗin ce ta fi ruɗar mutane, don abu biyu ke tafiya a lokaci guda, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A sama, Umar yana ta cin nasara: kwanton ɓauna a rairayi, motocin yaƙi na ci da wuta, mu yara muna ta ihu a tabarma. A ƙasa kuwa, bayan kowace nasara sai an zare masa wani abu da yake tsaye a kai. Wanda ya taɓa farautar gafiya ya san wannan aiki. Ba a bin ta a guje. Ramukanta ake nema a toshe ɗaya bayan ɗaya, a bar guda, sannan a tura hayaƙi.

Ramin farko shi ne jama'a. Mayaƙan Umar ba su da bariki, makiyayan Jabal Akhdar, yankin duwatsun gabashin Libiya, ne ke ciyar da su, su ɓoye su, su kawo musu labari. A 1930 Italiya ta kwashe mutanen yankin, kimanin dubu ɗari, da dabbobinsu, ta tusa ƙeyarsu zuwa sansanonin da aka kewaye da waya a wurare irin su Suluk da Magrun da Agaila, inda dubun dubata suka mutu da yunwa da cuta. A nan Akkad ya cusa hotunan sansanonin na ainihi a tsakanin nasa, don kada wani ya ce ƙari ya yi. Rami na biyu Kufra ce, zangon da ke can kudu cikin sahara, wadda ta faɗi a watan Janairun 1931. Na uku shi ne iyakar Masar, inda abinci da harsashi ke shigowa. Giraziyani ya shimfiɗa shingen waya mai ƙaya na kusan kilomita 270, daga bakin teku har Jagbub. Daga nan saura hayaƙi. An kama Umar ranar 11 ga Satumba 1931, aka yi masa shari'a a Bangazi ranar 15, aka rataye shi a Suluk washegari.

Ka ɗauki takarda ka sake kallo. Duk inda Umar ya ci nasara ka rubuta a hagu, duk inda aka toshe masa hanya ka rubuta a dama. Za ka ga na hagu suna ƙara ƙayatarwa, na dama suna ƙara muni, kuma kowane na dama martani ne ga na hagun da ya gabace shi. Telanmu bai karanta wannan a littafi ba, amma jikinsa ya ji igiyar tana matsewa.

Yanzu ga inda hujjarka take a kan abokinka. Da tarihi aka jera, da ba haka aka jera shi ba. Giraziyani bai karɓi yankin Barka, wato gabashin Libiya inda ake yaƙin, ba sai a watan Maris na 1930, kuma mataimakin gwamna ne. Gwamnan Libiya baki ɗaya a lokacin shi ne Mashal Badoliyo, shi ya zauna zaman sulhu da Umar a Sidi Rahuma a watan Yunin 1929, kuma daga wajensa umarnin kwashe jama'a ya fito. A fim da ƙyar ka ji ɗuriyarsa. An narkar da shi an zuba cikin Giraziyani, don labari ba ya son mugu biyu masu matsayi kusan ɗaya, ɗaya zai rage wa ɗaya kwarjini. Zaman sulhun ma an ɗauko shi daga gabanin zuwan Giraziyani an dawo da shi bayan ya sha kaye, ya zama yaudararsa ta sayen lokaci kafin ƙarin sojoji su sauka. A tarihi, an yi sulhu, ya rushe, sannan aka turo sabon janar. A fim, janar ya ji jiki, saboda haka ya nemi sulhu, saboda haka ya sami sararin shiri, saboda haka Kufra ta faɗi. Mai jera tarihi "sannan" yake cewa. Mai ƙulla labari sai ya mai da kowane "sannan" ya koma "saboda haka", ko da zai taɓa kalanda. In kana son gane zubin duk wani fim da aka ce daga labarin gaskiya aka ɗauko shi, nemi jerin kwanakin ainihi ka ajiye gefe da gefe da jerin fitowar fim ɗin. Wuraren da suka saɓa, nan sawun marubucin yake.

Bari in tsaya kan tabarau, don a ganina shi ne zaren da ya ɗinke fim ɗin. Ba ƙirƙira ba ce. A wata arangama a 1930 sojojin Italiya sun tsinci tabaran Umar, kuma an ruwaito Giraziyani yana alfahari cewa tunda tabarau ya zo hannu, kan ma yana tafe. A littafin tarihi wannan layi ɗaya ne. Dubi abin da Akkad ya yi da shi. Ganinmu na farko da Umar, da tabaran a fuskarsa, yana zaune a ƙasa yana karantar da yara Alƙur'ani, suna maganar mizani da ya zo a Suratur Rahman. Wato kafin mu gan shi da bindiga mun gan shi malamin allo. Daga baya tabaran ya faɗi a fagen fama aka kai wa Giraziyani. Ranar da suka haɗu ido da ido a ofis, aka mayar masa da abinsa. A gindin igiya ya sa shi ya yi karatunsa na ƙarshe, ya cire, ya riƙe a hannu. Da rai ya fita tabaran ya suɓuce ya faɗi, mata suka ɗauki guɗa, wani ƙaramin yaro maraya da muka sani tun farkon fim ya sunkuya ya ɗauka. Ba wanda ya buɗe baki ya ce gwagwarmaya za ta ci gaba. Da wasu marubutanmu ne, da sai an kawo dattijo ya tsaya gaban kyamara ya yi wa'azin minti biyar a kai.

Ƙololuwar fim ɗin kuwa ba yaƙi ba ce, abin da ya sa yara kan yi barci a wurin kenan. Zaman ofis ɗin nan ne: tsoho cikin sarƙa, janar cikin kaki. Haɗuwar ta faru da gaske, Giraziyani da kansa ya ba da labarinta a littafin da ya fitar a 1932. Fim ya hana su haɗuwa fiye da awa biyu don ya tara mana yunwar wannan zama. Janar ya sami abin da aka aiko shi nema, amma yana son ƙari, yana son Umar ya umarci mutanensa su ajiye makami, yana son ya ji daga bakinsa cewa Italiya na da haƙƙi a ƙasar. Har tsohon kuɗin Rumawa da aka tono a Libiya ya nuna masa a matsayin hujja, Umar ya nuna masa cewa ƙasar cike take da kuɗaɗen wasu da suka zo suka wuce. A nan tambayar fim ɗin ta juye. Tun farko muna tambaya, zai kama shi? Yanzu ya kama shi, sai muka gane ashe abin da yake nema ba a jikin mutumin yake ba. Oliver Reed, wanda ya fito a Giraziyani, ya yi wasan nan da kyau, ka dubi yadda yake kasa zama wuri ɗaya, shi kuma Anthony Quinn, wanda ya fito a Umar, ko gezau.

Batun sauya hali, ka duba mutanen da ke kewaye da dutsen. Akwai ƙaramin hafsan Italiya da Umar ya hana a kashe bayan an kama shi, wanda daga baya ya ƙi sa hannu a rataye fararen hula. Akwai kanar ɗin da aka tura zaman sulhu, ya dawo da girmamawar da ba a aike shi ya kawo ba. Akwai lauyan soja da aka naɗa ya kare Umar don cika ƙa'ida, Kyaftin Lontano, wanda ya ɗauki aikin da gaske ya ce wannan fursunan yaƙi ne ba ɗan tawaye ba. Shi mutum ne na ainihi, kuma an hukunta shi da tsarewar kwana goma saboda wannan kariya. Sauyin da kake nema a jikin jarumi an rarraba shi ga waɗannan.

Amma kada ka tafi wajen abokinka da ƙirji a buɗe, yana da ɗan rabo a gaskiya. Bayan faɗuwar Kufra fim ɗin ya yi nauyi. Yaƙin gadar nan na cikin duwatsu ya yi kyau a ido, sai dai bai sauya komai ba, in ka cire shi labari ba zai yi ɗingishi ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne, kusan duk mai kokawa da zuciyarsa a fim ɗin Ba'italiye ne. Mutanen Umar jarumai ne daga farko har ƙarshe, ba mai shakka, ba mai tunanin 'ya'yansa da ke bayan waya ya ce anya kuwa. In ban da zuwan tsohon abokinsa Sharif Garyani ya roƙe shi ya sallama, ba inda aka matsa wa Umar da tambayar da ta fi kowace ciwo: jama'ar da kake yaƙi dominsu suna ƙarewa a sansani saboda kai, har yaushe? Da an ba wannan tambaya fili, da tsakiyar fim ɗin ba ta buƙaci ƙarin fashewar mota ba.

Tunda rubutu kake koyo, ga aikin gida. Sakkwato ta faɗi hannun Turawa ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Wata huɗu da 'yan kwanaki, kowa ya san ƙarshen, kuma jarumin ba mai sauya ra'ayi ba ne. Rubuto mini shafi ɗaya: a wace rana za ka buɗe, a ɗakin wa, kuma mene ne tabaranka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa Umar Mukhtar shehi ne a ɗarikar Sanusiyya, kuma mutanensu har ƙasarmu sun zo. Na kalli fim ɗin ban ga an nuna haka ba. Kakana ne ya yi kuskure ko masu fim ne suka ɓoye?
Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Amin, Allah ya jiƙan Kaka. Malama, bai yi kuskure ba. Umar a zawiyar Sanusiyya ya tashi, ita ta tura shi Cadi, ita ta ba shi riƙon zawiya a Jabal Akhdar. Lokacin da shugaban ɗarikar, Sayyid Idris, ya koma Masar a 1922, Umar ya ci gaba da yaƙi ne a matsayin wakilinsa, kuma zakkar da jama'a ke bayarwa ta hanyar ɗarika na cikin abin da ya riƙe mayaƙan. Maganar isowarsu wajenku ma haka take. Kaosen, jagoran Abzinawa da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, ɗan Sanusiyya ne, kuma ta Fezan ya sauko da makamansa.

A fim kuwa ɗarikar ba ta da wani gurbi a tafiyar labari, Idris ma haka. Ina ganin dalili biyu ne suka haɗu. Na farko na sana'a ne, irin wanda na faɗa wa ɗalibin Samaru: kamar yadda aka share Badoliyo daga saman Giraziyani, haka aka share Idris daga saman Umar, don a bar mutum biyu rak a fili. Jarumin da ke jiran wasiƙa daga shugabansa a Masar bai kai wanda ba shi da kowa sai Allah cika ido ba. Na biyu sai ki tambayi wanda ya biya kuɗin. Fim ɗin, wanda sunansa na asali Lion of the Desert kuma ya fito a 1981, ya ci kusan dala miliyan 35, kuma gwamnatin Gaddafi ce ta zuba su. Idris ɗin nan shi ne ya zama Sarkin Libiya a 1951, shi ne kuma Gaddafi ya hamɓarar a 1969. Ba a tsammanin wanda ya kifar da sarki ya kashe miliyoyi don tuna wa jama'a cewa gwarzonsu da sunan sarkin ya yi yaƙi.

Ba Libiya kaɗai ta ji nauyin labarin ba. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, wai ya zubar da mutuncin sojojinta, kuma bai fito a talabijin ɗin ƙasar ba sai a Yunin 2009, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara birnin Rum. Ranar ya sauko daga jirgi cikin kakin soja, ɗan Umar Mukhtar da ya tsufa tukuf yana cikin tawagarsa, shi Gaddafi kuma a ƙirjinsa ya maƙala hoton nan na 1931, wanda aka ɗauki tsohon cikin sarƙa sojojin Italiya sun kewaye shi. Da wannan hoto a ƙirji ya miƙa wa Firaminista Balaskoni hannu suka gaisa.